Ɗaiɗai Ko Bibbiyu? Musayar Waƙa Kan Tanis Ɗin Maza

Ɗan Barnawa:
Salamu alaikum jama'a. Na daɗe ina bin manyan gasannin tanis, amma wasan maza na bibbiyu bai taɓa kwanta mini ba. Mai ja ya amsa da baiti.

Tanis na gaske na mutum ɗaya ne,
Ya tsaya shi kaɗai, ba mai tayawa.
In ya ci kofi, guminsa ya ba shi,
In ya faɗi, babu wurin fakewa.
Bibbiyu kuwa an raba musu fili,
Rabi da rabi, ina abin gajiyarwa?
Har masu gasar sun rage tsawonsa,
A maki 10 ake ƙarewa.
Ku dubi kujeru ranar wasansu,
Ana kiran sunansu, jama'a na watsewa.

Dattijon Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Batun ragewa gaskiyarka ce. Tun 2006 gasannin ATP, ƙungiyar ƙwararrun 'yan tanis maza, suka maye turmi na uku da bugun raba gardama na maki 10, babbar gasar Wimbledon ta Ingila ma daga 2023 ta dawo da nata daga turmi biyar zuwa uku. Amma "rabi da rabi" ɗin nan ba zan bar maka ba.

Ɗana, taho mu auna filin tukuna,
Kafin ka ce ba abin gajiyarwa.
Faɗin na ɗaiɗai mita 8.23,
Na bibbiyu 10.97, ka ga ƙaruwa.
Lungu biyu aka buɗe gefe da gefe,
Nan ƙwallo kan bi tana zillewa.
Mai gadin raga yana dab da wuta,
Hannunsa kan riga idonsa ganewa.
Ka lura da hannun da ya kai bayansa:
Ya dunƙule shi, yana nan, ba gusawa.
Ya buɗe tafi, zai keta tsakiya,
Mai sabis ya san gurbin cikewa.
In ɗaya ya mance abin da aka ƙulla,
Su taru gefe guda, maki na zubewa.

'Yar Kawo:
Baba ya gama da awo, Allah ya ƙara girma. Ni tagwaye na kawo.

Hassan da Usaini na Kalifoniya,
Bob da Mike, Bryan sunan gidansu.
Bob bahago ne, Mike na dama,
Ta ko'ina ka bugo ka faɗa hannunsu.
Kofi 119 suka ɗaga tare,
16 na manyan gasa huɗu a cikinsu.
Zinaren Olamfik a Landan, 2012,
Ƙirji da ƙirji suke murnarsu.
A 2018 ƙugun Bob ya ƙi,
Aikin likita ya shiga tsakaninsu.
Mike ya ja Jack Sock suka ci Wimbledon,
Suka ƙara na Amurka a jakarsu.
Da Bob ya miƙe, Mike ya koma gare shi,
A 2020 tare suka aje raket ɗinsu.
Yaya na Barnawa, ka ba ni amsa:
Wane ɗan ɗaiɗai ya ɗanɗani amanarsu?

Ɗan Barnawa:
Ƙanwata, tagwaye ciki ɗaya suka kwanta,
Kawo mini bare biyu masu juriya.
Paes da Bhupathi a 1999
Sun kai wasan ƙarshe a manyan gasa huɗu da tutar Indiya.
Sun ci na Faransa, sun ci Wimbledon,
Daga baya kowa ya kama hanya.
Bopanna na Indiya na da shekara 43 ya zama na ɗaya a duniya,
Wasan dattawa ne, ku faɗi gaskiya.

Malamin Tudun Wada:
Bare biyu ka ce? Woodbridge da Woodforde,
Ba dangi ba ne, 'yan Ostireliya.
Manyan kofuna 11, 6 a Wimbledon,
Atlanta 1996 ta ba su zinariya.
Bopannan da ka raina wa shekaru,
Da Qureshi na Fakistan ya haɗa zuciya.
Ƙasashensu na hararar juna a iyaka,
Su kuwa suna gadin raga ɗaya.
A 2010 sun kai ƙarshe a Amurka,
Tagwayen nan suka tare musu hanya.
Ga namu na Afirka, Black da Ullyett,
'Yan Zimbabuwe, ba su ba mu kunya:
Kofin Amurka a 2001,
A 2005 na Ostireliya.
Batun tsufa kuwa, ƙafa na raguwa,
Amma wa ya kai tsoho karanta niyya?
Kafin yaro ya juya kafaɗarsa,
Ya riga shi sanin inda za ta biya.

Dattijon Unguwar Rimi:
Malam, madalla. Saura kujerun da ɗana ya ce ba kowa, kuma wannan shi ne ke ci mini rai.

Kujeru ba su da laifi, ɗana,
Ka tambayi masu jadawalin bugawa.
Sau tari a ƙaramin fili ake kai su,
Ko bayan na ɗaiɗai, an gaji da zamawa.
Kuɗin kofin bai kai na ɗaiɗai ba,
Shi ma ɗin biyu ake rabawa.
Ka ɓoye haja a can ƙuryar shago,
Sannan ka ce ba ta samun shiga kasuwa?
Asabar da safe ka zo Dandalin Murtala,
Ka tsaya a raga, ka ji yadda take zuwa.

Ɗan Barnawa:
Baba, na amsa kira, zan zo da raket,
Kan Paes da Bhupathi dai ban sauka ba.
'Yar Kawo da Malam su tsaya can gefe,
Ni da kai a nan, in ba ka ƙi ba.
Sai dai ka koya mini alamar hannun,
Dunƙule da buɗe ban riƙe su ba.

'Yar Kawo:
Mun karɓa, Yaya. Ƙwallaye na wajena, Malam ya zo da ruwa. Ƙarfe 7, kafin rana ta yi zafi.