Wanda ya kalli shirin tarihin Joj Washinton ɗin nan ya zo mu tattauna

Abban_Ikram:
Salam jama'a. Dan Allah akwai wanda ya kalli shirin tarihin nan na Joj Washinton, shugaban Amurka na farko, da ake ta maimaitawa a dish? Ni sai jiya na samu na ƙarasa shi, kun san halin wuta, rabin ƙarshe ma a waya na kalla. Gsky da can iyakar sanina da mutumin nan hotonsa na jikin dala ɗaya da kuma babban birninsu da aka sa wa sunansa, a zatona wani sadauki ne da bai taɓa shan kaye ba, ashe fitarsa ta farko ma a 1754 yana ɗan shekara 22 Faransawa suka ritsa shi a wani ɗan sansani da ya kafa cikin fadama ruwan sama na dukansu, dole ya miƙa wuya, har ya sa hannu a takarda da Faransanci bai san a ciki an rubuta cewa kisan gilla suka yi wa wakilin Faransa ba, da yake ba ya jin yaren. Na yi dariya a wurin nan wlh.

Amma inda ya ɗaure min kai shine ƙarshen. Mutum ya ci yaƙin ƙwatar 'yancin Amurka daga Ingila, sojoji na hannunsa, kowa na sonsa, sai ya je gaban majalisa ya ce ga kayanku ya koma gona. Aka sake kiransa ya yi shugaban ƙasa sau biyu, ya sake cewa ya isa. Sannan a gefe guda kuma bayi cike da gidansa. To ni tambayata, mutumin nan da gaske haka yake ko dai wanke shi kawai Amurkawa suke yi kamar yadda suka saba a finafinansu? Masana ku taimaka.

Malam_Sabo:
Wa alaikumus salam Abban Ikram. Na kalla, har na sa ɗalibaina 'yan aji shida su ma su nema. Zancen ajiye mulki ba ƙari a ciki, a rubuce yake, ranar 23 ga Disamba 1783 a garin Annapolis ya maida wa majalisa takardar shugabancin soja. Kuma abin da ya faru wata tara kafin nan ni ya fi burge ni. Hafsoshinsa a Newburgh sun fusata, an daɗe ba a biya su albashi ba, fanshon da aka yi musu alkawari ma shiru, har an fara zagaya takarda ana zuga su su juya wa majalisa baya, wato dai ƙiris ya rage a yi abin da mu nan muka fi kowa sani. Ya shigo taron nasu ba su zata ba, ya yi jawabi fuskoki ba su sake ba, sai ya ɗauko wata wasiƙa zai karanta ya kasa gani, ya laluba aljihu ya fito da tabarau wanda yawancinsu ba su taɓa ganinsa da shi ba, yace su yi haƙuri, bayan furfura har idonsa ya kusa tafiya a hidimar ƙasar nan. An ce wasu har hawaye. Maganar tawaye ta mutu a nan.

Ka kwatanta da Napoleon da ya zo bayansa kaɗan, shi ma juyin juya hali ne ya ɗaga shi, amma 1804 ya naɗa kansa sarki. Kuma lokacin Washinton babu dokar da ta hana shi zarcewa fa, wa'adi biyu sai 1951 aka sa shi a tsarin mulkinsu bayan Roosevelt ya ci zaɓe sau huɗu. Da ya so da sai mutuwa ta sauke shi.

A fagen yaƙi kam ba wani gwanin dabara bane, ya sha kashi a New York 1776 ba kaɗan ba, gwanintarsa ita ce bai bari rundunar ta watse ba shekara takwas. Daren Kirsimeti ya tsallaka kogin Delaware cikin ƙanƙara ya kame sojan hayar Jamus kusan 900 a Trenton, da ba dan wannan ba da ƙarshen watan nan wa'adin sojojinsa da yawa ya ƙare kowa ya kama gabansa. Wani abu a gefe da nake gaya wa yara don su gane zamanin, shekarar da Faransawa suka ritsa shi ɗin nan, 1754, ita ce shekarar da aka haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

Maman_Haidar:
Malam Sabo Allah ya ƙara ilimi, amma ku gafarce ni, ni fa tun da aka zo kan bayin nan shirin ya fita a raina, saboda sun daɗe suna nuna doki da ƙanƙara da kiɗa mai sa tsigar jiki tashi, da aka zo nan kuma sai sauri kamar ana korarsu, sai da na koma na karanta da kaina. Lokacin da ya rasu 1799 mutum 317 ne bayi a gonarsa ta Mount Vernon, 123 nasa na kansa, 153 na gadon mijin matarsa Martha na farko, sauran haya ya ɗauko. Kuma kar wani yace min ai zamanin ne haka, shi kansa ya san abin ba daidai bane, ga dalili. Lokacin da fadar gwamnati take Filadelfiya, jihar Pennsylvania tana da doka tun 1780 cewa bawan da aka shigo da shi ya yi wata shida a jere zai iya neman 'yancinsa, sai shugaban ƙasa guda ya riƙa fitar da su daga jihar kafin wata shidan ya cika, a kai su Virginia ko a ɗan tsallaka iyaka a dawo lissafi ya koma farko, kuma ya rubuta wa sakatarensa cewa a yi abin a ɓoye kar su gane. Wanda bai san yana laifi ba me zai sa ya ɓoye?

Labarin da ya tsaya min a wuya na wata yarinya ce Ona Judge, ita ke yi wa Martha hidima, ɗinki da shirya kaya da su gyaran gashi, shekarunta ashirin da 'yan kai. Ta ji labarin za a bada ita kyautar aure ga jikar Martha, kamar dai yadda ake saka kwalla da gado a kayan ɗaki, sai a watan Mayu 1796 suna cikin cin abincin dare ta sulale ta hau jirgin ruwa sai Portsmouth a New Hampshire. Aka buga cigiya a jarida da ladan dala goma. Bai tsaya nan ba, ya bi ta hannun ministan kuɗi aka sa shugaban kwastan na garin ya nemo ta, ita kuma tace za ta dawo in an yi mata alkawarin 'yanci bayan ransu, ya ƙi, wai kar a saka wa gudu da alheri sauran su gani su koya. Har 1799 shekarar da zai mutu sai da ya sake tura ɗan'uwan matarsa ya je ya taho da ita, Allah ya sa aka tsegunta mata ta ɓuya da jaririyarta.

To Malam, mutumin da ya iya sakin ƙasa sukutum har sau biyu amma ya kasa sakin yarinya ɗaya, ni ban san sunan da zan kira shi ba. Kuma cikin takardun gonar akwai sunan wata Fatimer da 'yarta ƙaramar Fatimer, masana na ganin Fatima ce aka karkatar, kun ga ta yiwu ma 'yan'uwanmu Musulmi ne daga wannan yanki namu na Afirka ta Yamma.

Baadare_227:
Hajiya kin gama magana. Ni abin da ni gani, Amurkawa na son su manta da Faransa cikin labarin ga. A Yorktown 1781 inda Cornwallis kwamandan Ingila ya miƙa wuya, jiragen ruwan Faransa ne sunka toshe teku Ingilishi ba su samu agaji ba, ga sojan Rochambeau janar ɗin Faransa dubbai a ƙasa, ga kuɗi ga albarushi tun farkon yaƙi. Ba don su ba ƙila da rataye shi anka yi a matsayin ɗan tawaye. Kuma ba son Amurka ya sa su ba, haushin Ingila ne, bashin da sunka ci wajen yaƙin na cikin abin da ya kai sarkinsu ga halaka daga baya.

Amma batun sauka daga mulki Malam Sabo na da gaskiya, mu nan Nijar mun san zafin tazarce, 2009 anka yi ƙuri'ar raba gardama don ƙarin shekara ukku, Fabrairun 2010 soja sunka shigo. Ku ma can Najeriya 2006 majalisar dattawa ce ta kashe wa'adi na ukku. Shi yasa wurin ga ya fi taɓa mu bisa ga Ba'amurke da ya saba gani.

Sadiq_Kurna:
Ni tambaya ta daban nake da ita, wai da gaske haƙoransa na katako ne? Wani abokina ya rantse min. Sannan wlh wurin mutuwarsa ya bani tausayi, ciwon maƙogwaro kawai fa.

Malam_Sabo:
Sadiq abokinka ya yi kaffara. Ba katako bane, haƙorin dorina ne da ƙarfe da dalma da kuma haƙoran mutane. Ranar da aka rantsar da shi 30 ga Afrilu 1789 haƙori ɗaya tak ya rage masa na kansa, shi yasa kake ganin bakinsa a kumbure a hoton dala. Kuma wannan ma ƙari ne ga maganar Hajiya, a littafin kuɗin gidansa na 1784 an rubuta an biya sule 122 na haƙora tara da aka saya wurin baƙaƙen fata. Labarin da ya fi wannan yawo shine wai yana yaro ya sare bishiyar babansa da gatari da aka tambaye shi yace ba zai iya ƙarya ba, wannan wani mai wa'azi ne Weems ya ƙirƙira bayan mutuwarsa don littafinsa ya shiga kasuwa. Mutuwar kuwa, ya fita zagayen gona a kan doki cikin ruwa da ƙanƙara ya dawo bai canza kaya ba ya zauna cin abinci, maƙogwaro ya kumbura numfashi ya gagara, likitoci suka yi ta tsaga suna zubar masa da jini har sau huɗu, irin dai ƙahon da wanzamai ke yi amma fiye da kima, ya cika daren 14 ga Disamba 1799 yana da shekara 67.

Hajiya Maman Haidar ban musa ko ɗaya ba cikin abin da kika kawo, har ma in ƙara miki, shi ya sa hannu a dokar kamo bayin da suka gudu ta 1793, kuma 1779 shi ya tura Janar Sullivan ya ƙone garuruwan ƙabilun Iroquois, 'yan asalin ƙasar, sama da arba'in da amfanin gonarsu ana dab da sanyi. Abu ɗaya dai zan ce a yi masa adalci, a wasiyyarsa ya 'yanta nasa 123 ɗin, ya ce a ciyar da tsofaffi a koya wa marayu karatu da sana'a, cikin shugabanninsu na farko masu bayi da yawa shi kaɗai ya yi haka, Jefferson mai daɗin baki akan 'yanci bayan mutuwarsa gwanjon mutanensa aka yi don biyan bashi. Kuma mu ma kar mu cika ɗaga murya, a zamanin nan rinji cike yake a ƙasar Hausa, sai 1936 aka soke bauta a doka a Arewa.

Maman_Haidar:
Malam na yarda da zancen rinji, kuma in an yi shiri akan namu sarakunan ma haka zan ce a faɗi duka. Amma wasiyyar nan ku duba sharaɗin, mutum ɗaya ne kawai ya samu 'yanci nan take, William Lee wanda ya bi shi duk yaƙin, sauran yace sai bayan ran Martha. Wato shi dai bai yi kwana ɗaya a duniya babu mai yi masa bauta ba. Kuma ku duba halin da ya jefa tsohuwar, mutum sama da ɗari sun san ranar mutuwarta ce ranar 'yancinsu, Abigail Adams, matar shugaban da ya gaji Washinton, da ta kai mata ziyara ta rubuta cewa matar ba ta jin ranta na cikin aminci, shi yasa ta sake su tun 1 ga Janairu 1801 ba ta jira ba. Su kuma 153 ɗin can doka ba ta bashi ikon 'yanta su ba, da ta rasu 1802 aka raba su wa jikokinta huɗu, alhali sun yi auratayya da waɗancan, miji ya zama ɗa matarsa da 'ya'yansa an tafi da su wata gona. Ona kuwa ta rayu har 1848 cikin talauci, ta binne mijinta da 'ya'yanta, kuma da aka yi hira da ita tana tsohuwa tace ba ta yi nadama ba.

Abban_Ikram:
Kai jama'a, na zo da tambaya ɗaya na tashi da goma. Nagode Malam, nagode Hajiya. Baadare ashe kuna nan. Zan sake kallon kashi na ƙarshe in ga ko ni ne ban lura da zancen wata shidan nan ba ko yanke shi suka yi. Wanda ya san ranar da za su maimaita ya ajiye min a nan dan Allah, data ta ƙare.