Kalmar da Bulus ya kira matsalar Korinti da ita: ɓaraka ko rarrabuwa?

Mai shirin rediyo: Salama gare ku. Ranar Juma'a za mu naɗi darasi na minti 15 a kan 1 Korintiyawa 1:10-17. Kalmar Helenanci skisma nake nema wa Hausa. Sau uku ta fito a wasiƙar: 1:10, 11:18 da 12:25. Ina son kalma ɗaya da mai sauraro zai kama da kunne tun karon farko.

Malamin Lahadi: Rarrabuwa. Kowa ya san ta, ba sai an yi bayani ba.

Mai fassara: Malam, rarrabuwa tana sa mutum ya zaci kowa ya kama gabansa. Ba haka aka yi a Korinti ba. A 11:18 da 11:20 wuri ɗaya suke taruwa, sai dai a wurin cin Jibin Ubangiji wani yana fama da yunwa, wani ya bugu. Rabuwa irin ta ikkilisiyoyin Roma da Kustantiniya a 1054 ta zo ne shekara dubu bayan wasiƙar, wadda Bulus ya rubuta daga Afisa wajen shekara ta 54. Ni ɓaraka zan ce. A Markus 2:21 skisma ce yagewar tsohuwar riga da aka yi wa maho da sabon ƙyalle. Kuma aikatau ɗin da Bulus ya rufe 1:10 da shi, katartizo, shi ne na gyaran taru a Markus 1:19. Mu ma ɗinke ɓaraka muke cewa. Rigar ɗaya ce, ta yage, ana so a ɗinke.

Dattijo daga Wusasa: Ɗana, ɓaraka maganar 'yan siyasa ce. Da ka faɗe ta a rediyo, jam'iyya mutane za su tuna. Na daɗe ina ba da shawarar tsagezumunci, a haɗe, kalma ɗaya tamu ta ikkilisiya.

Mai fassara: Baba, ranka ya daɗe, ai abin da mutanen gidan Kuluwi suka kai wa Bulus ya yi kama da siyasa. Wannan na cewa shi na Bulus ne, wancan na Afollos, wani na Kefas (wato Bitrus), wani na Almasihu. Idan mai sauraro ya tuna jam'iyya, bai yi nisa da 1:12 ba. Tsagezumunci kuwa ba ta zauna a baki. Yaya jam'inta? A 1:10 da 11:18 jam'i ne a Helenanci.

Dattijo daga Wusasa: Jam'i ba ya gagara. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, waɗanda suka yi aikin ba su tsaya neman izinin Helenanci ba kafin su yi magana da harshen mutane. Yanzu duk wanda ya zauna aji ɗaya a kwalejin tauhidi ta Bukuru sai ya zo yana koya mana Hausa.

Fasto daga Jos: Baba, a yi haƙuri, Hausar ikkilisiya ba ta Zariya kaɗai ba ce. Yawancin masu wa'azi da ita a Filato da Kudancin Kaduna ba harshen uwarsu ba ne, kuma su za su riƙa maimaita kalmar. Abin da ba su taɓa ji a kasuwa ba, ba za su ɗauka ba.

Malamin Lahadi: To a ce ɗariƙanci mana.

Fasto daga Jos: A'a. Ɗariƙa a wurinmu ECWA ce ko COCIN ko Angilikan. Ka faɗi haka, ka sa Bulus yana tsawata wa abin da babu shi a zamaninsa. Haka ma a kiyaye 11:19, inda kalmar ta canja zuwa hairesis. Kada a ce bidi'a ko koyarwar ƙarya. A Ayyukan Manzanni 5:17 da 15:5 da ita aka kira Sadukiyawa da Farisiyawa, wato ƙungiya. Ɓangarori ya dace a nan. Ta 1:11 kuma dabam ce, jayayya ce ko husuma.

Mama mai koyar da mata: Ɓaraka ta yi mini a 1:10 da 11:18. Amma 12:25 fa? Maganar jiki ce, ido da hannu, kai da ƙafa. Ba a cewa jiki ya yi ɓaraka. Matan zumunta dariya za su yi.

Mai fassara: Gaskiyarki, Mama. A can sai a warware: kada gaɓoɓin jiki su saɓa wa juna. Asarar ita ce mai sauraro ba zai gane kalma ɗaya ce Bulus ya maimaita ba, sai mai gabatarwa ya faɗa da bakinsa.

Mai shirin rediyo: Na gode. Ɓaraka zan sa a sura 1, in ambaci Markus 2:21 a jimla ɗaya. Ɓangarori a 11:19. Sura 12 sai wata mai zuwa, mu sake zama a kanta.

Dattijo daga Wusasa: Ku sa, tunda lokaci ya ƙure. Amma a karanta ayar yadda take a Littafi tukuna, ɓarakar taku ta zo a bayani. Ban janye tawa ba.