Goron Sallah: Layya Ba Rago, Zaɓe Ba Adawa

Ɗan Kurmi (Juma'a, 6 ga Yuni, 2025, bayan saukowa Idi)
Salamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da Sallah. Tun da nama ya yi wuya, ga goron Sallah na baki. Ƙwar biyar ce, mai iyawa ya ɗora.

Bismillahi da shi na fara,
Sallah ta zo, tukunya ba ta ƙara,
Dillalai sun cika kara,
Mai albashi na gefe yana harara,
Rago ya fi ƙarfin wata ɗaya.

Dubu 70 mafi ƙarancin albashi,
Buhun shinkafa ya isa ya lashe shi,
Ɗinkin yara sai an ci bashi,
Tun cire tallafi kuɗin mota ya tashi,
Wa za ka kai wa kuka? Gidan ɗaya.

Ciyaman na gwamna, kansila na gwamna,
Majalisa in ya yi tari sai ta zauna,
Hukumar zaɓe shi ya rubuta mata suna,
Ɗan adawar safe ya sauya hula da rana,
Kowa ya tattaru a inuwa ɗaya.

Afrilu gwamnan Delta ya yar da lema,
Yau na Akwa Ibom ya ce shi ma,
Ranar da muke kabbara da sallama,
In babu mai cewa a'a a sama,
Wa zai ce ta a ƙasa ko sau ɗaya?

Mai Tsintsiya
Barka da Sallah ƙanena. Mun san kalar hular da ke kanka, sai ka karɓi naka goron.

Ɗan Kurmi sannu da wayon kura,
Kai ka yi duka, kai ka kai ƙara,
Oktoban 2024 a Kano wa ya cinye dara?
Ciyaman 44 ba ko ɗaya saura,
Kansila 484 duk ta tara,
Sannan ka zo kana zagin mai shara.

Na Bakin Kasuwa
Kai! Mai Tsintsiya ka kashe bakinsa. Allah ya ƙara basira. Sai tsintsiya, maɗaurinki ɗaya, har 2027 da bayanta.

Ɗan Kurmi
Yayana, tuna baya shi ne roƙo.

Mai shara ka share gaba, baya ba ka duba,
Janairun 2021 ai ba a daɗe ba,
Kujerun nan 44 ba ku bar ko guda ba,
Kaduna 23 ba ku raba da kowa ba,
Katsina 34 ba ku ji kunya ba,
Jar hula a gidanku ta koya, ba daga sama ba.

Tsohon Akawu
Ku dakata yara. Ita ma lema ta kwashe 20 na Bauchi da 14 na Zamfara a 2024, ba ta bar wa kowa ko ɗaya ba. Laifin ba na hula ba ne, turmin ne haka. Duk wanda ya riƙe taɓarya irin dakan da zai yi ke nan. Ga yadda ake dakan:

Farko a rushe zaɓaɓɓu da takarda,
A sa kantoma wanda gwamna ya yarda,
Wata shida, a ƙara masa wata shida,
Ba mai tambayar sa lissafin gida.

Na biyu hukumar zaɓe, wa ke naɗa ta?
Sashe na 197 na tsarin mulki shi ya kafa ta,
Gwamna ya zaɓo, majalisarsa ta amince da ita,
Kuɗin aiki ma shi ke sakar mata.

Na uku kuɗin fom a ɗaga shi sama,
Miliyan 10 ciyaman, haka Kano ta fara nema,
Miliyan 5 kansila, ɗan unguwa ya yi ta fama,
Mai ƙaramar jam'iyya tun nan ya sallama.

Na huɗu ranar zaɓe a zo da akwati,
Da tawada da rumfa da 'yan kwamiti,
Takardar sakamako ko tana gidan gwamnati,
Kafin magariba an karanto shi baiti-baiti.

Baitin na huɗu shi ne ƙorafin 'yan adawa a kowace jiha, in ban da ranar da suka hau. Na biyar kuwa kuɗi ne, kuma ba ya shiga waƙa. Daga asusun tarayya gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. Amma sashe na 162 ya bi da nasu ta asusun haɗin gwiwa, wanda makullinsa ke hannun jiha. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta ce a biya su kai tsaye, kuma kantoma ba ya cikin masu karɓa. Dalilin ke nan da kuka ga zaɓukan sun zo rututu a ƙarshen shekarar.

Kotu ta ce kantoma ba shi da rabo,
Yaron gidan jiya shi ne ciyaman sabo,
Riga aka wanke, jiki na nan da tabo,
Mai sa hannu ɗaya ne ko a kan kwabo.

Malam Mai Arulli
Ban shigo siyasa ba, awo na zo yi. Mai Tsintsiya, ɗangonka na farko gaɓa 10 ne. Na biyar kuma ka cusa 484, wadda in an furta ta, ɗari huɗu da tamanin da huɗu, ita kaɗai gaɓa 11 ce, ɗangon ya zama 18. A wane bahari, wato ma'aunin waƙa, ake rera wannan? Ba Mutadarik ba ne, ba Rajaz ba. Lamba a ido gajeriya ce, a baki doguwa. Kai kuma Ɗan Kurmi, baiti huɗu ka rufe kowanne da "ɗaya". Maimaita kalma guda ba amsa-amo ba ne, talaucin kalma ne.

Ɗan Kurmi
Allah ya gafarta Malam, da gangan ne. Waƙar jam'iyya ɗaya ai amsa-amonta ma ba ya son adawa. Kaya, ƙaya, hanya da rijiya duk sun sayi fom, hukumar ce ta ce ba su cika sharaɗi ba.

Mai Tsintsiya
Allah gafarta Malam mai awon baiti da mudu,
Ɗaga kai daga allo ka dubi Kudu,
Lema ce ke yoyo shi ya sa suka gudu,
Wa zai zauna ruwa na dukansa don kawai a ce ya yi biyayya?

Malam Mai Arulli
Ɗango na huɗu ya tsinke igiya ya bar garke. Mudu, Kudu, gudu, sai ga biyayya. Ko shi ma ya sauya sheƙa ne?

'Yar Zazzau
Malam a yi mana sassauci. Ba kowace waƙa ce ta arulli ba. Makaɗi kan ja gaɓa ko ya haɗiye ta, kiɗa ya cike gurbin, kuma ba wanda ya ce masa ya karya.

Malam Mai Arulli
To 'yata sai ku kawo kalangu zauren. Muddin rubutawa kuke, gaɓa mai nauyi da marar nauyi su ne kiɗanku. Wanda bai iya jera su ba ya yi zube, ba abin kunya ba ne. Baban Akawu ma baitinsa na biyu ya ɗingisa a ɗango na uku, girma ne ya sa na kawar da kai.

Na Bakin Kasuwa
Malam ma jar hula ce a ƙarƙashin rawanin. Me ya sa bai ƙirga gaɓar Ɗan Kurmi a 2021 ba?

Malam Mai Arulli
Na ƙirga. Ita ma ta yi yawa. Kun gamsu?

Gwaggon Zaure
'Ya'yana kun ishe mu.

Ku bar mu da zancen gaɓa da ɗango,
Gida nawa yau ya kwana ba rago?
Maƙwabta goma su zauna gindin bango,
Su yi watandar sa, kowa da tsoka da ɓargo,
Haka 'yan adawa, in kowa ya kafa zango,
Ɗaya-ɗaya za a tsince su, in ji Gwaggo.

Malam Mai Arulli
Baitin Gwaggo ya zauna daram, ku koya. Gyara ɗaya, kuma ba na kari ba: watanda nama ce, ba layya ba. A Malikiyya ba a tarayya a kuɗin dabbar layya, sai dai mai ita ya sa iyalinsa a lada.

Tsohon Akawu
Hajiya kin taɓo inda ke ƙaiƙayi. Ita kanta tsintsiyar watanda ce. A 2013 ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka haɗa kuɗin sa, a 2015 suka kayar da PDP bayan shekara 16, jam'iyyar da wani shugabanta ya taɓa cewa shekara 60 za ta yi. Sai dai ku san inda watanda ke ɓaci:

Sayen sa daɗi, rabonsa ke da rigima,
Kai guda ne, wa zai ɗauka, wa zai sallama?
Masu son tikiti biyar, kowa na jin girma,
In ba a yanke wannan ba tun kafin a kama,
Ranar fiɗa kowa zai ja ƙafa ya yi gaba ma.

Mai Tsintsiya
Baba ka faɗa musu. Haɗakar da ake ta zancenta, kowa a cikinta kai yake so, ba mai son ƙafa.

'Yar Zazzau (Asabar)
Ni ban damu da wa zai ɗauki kai ba. Zaɓen hukumar jiha na bar wa Baba, amma na INEC ana iya tsare shi in an san hanya. Malam ka rufe ido.

Ka yi rajista, ka koma ka karɓo katinka,
In ka ƙaura ka nemi a mayar da rumfarka,
Na'urar BVAS ta duba yatsa ko fuskarka,
Ka dangwala cikin gida ɗaya, kar tawada ta haye zaɓinka,
Kar ka wuce gida, tsaya a ƙirga a gabanka,
Wakili ya sa hannu a takardar sakamako EC8A, ya riƙo kwafin jam'iyyarka,
In an liƙa sakamako a bango ɗauke shi a wayarka,
In an murɗe, kwana 21 ne wa'adin ƙararka.

Rumfunan zaɓe 176,846 ne a ƙasar. Jam'iyyar da ba ta iya sa wakili a kowace ba ta ciyar da shi wuni guda, a wurin tattara sakamako ake yanka ta, kuma a kotu ba ta da takardar nunawa. Sannan a 2023 mutum miliyan 93 ke da rajista, kimanin miliyan 25 suka fito. Sauran suna gida suna rubuta waƙa. Kuma an taɓa yi: PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Shekarau ya kayar da gwamna mai ci a Kano a 2003, Dauda Lawal ya yi haka a Zamfara a 2023.

Mai Tsintsiya
Ƙanwata kin iya lissafi kin iya tsari,
Ki sha rana a layi tun da asubahin fari,
Ki zaɓe shi a lema, ki yi guɗa a gari,
Shekara biyu ya kawo mana kansa da sauri.

Ɗan Kurmi
Ka ji fa, da bakinsa. Wannan ba alfahari ba ne Yaya, shaida ce a kanka.

Tsohon Akawu
Nan ma akwai ramin da doka ta bari. Ɗan majalisa in ya sauya jam'iyya kujerarsa ta faɗi, sashe na 68 a tarayya, na 109 a jiha, sai in jam'iyyarsa ta rabe. To kowa sai ya ce ta rabe, kuma shugaban majalisar da zai ayyana gurbin shi ne ke tarbar sa. Gwamna kuwa babu sashen da ya ce ya sauka. Masu cewa a soke hukumomin zaɓen jihohi a ba INEC, sashe na 9 na jiransu: kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya, da amincewar majalisun jihohi 24.

Wuƙar na hannun mahauci,
An ce ya miƙa ta don adalci,
Majalisar da ya ciyar ya ba masauki da abinci,
Ita za ta sa hannu? Sai in an sake ta a zaɓe, shi ne mataki na farko mai amfani.

Malam na sani, ya tsinke. Tsufa ne.

Ɗan Ƙonni (Litinin)
Ku yi haƙuri, rezo ya hana ni sai yau. Ɗan Kurmi, ragunan da kake nema suna wajenmu nan Nijar, gomnati ta hana fita da bisashe tun watan Mayu. Ku kuna kukan tsada, makiyayi nan shina kukan araha. Zancen jam'iyya kuwa:

Jam'iyya guda, mu munka riga ku,
1959 anka hana Sawaba, in gaya muku,
RDA ita ɗai hal 1974, ku sa a ranku,
1989 MNSD ta zo, ba a tambaye mu ba balle ku,
1991 taron ƙasa ya buɗe ƙofa kamar taku,
Bana ga Maris anka rushe su duka, ku riƙe ukunku.

Gwaggon Zaure
Allah sarki ɗana. Ka gaida mutan Ƙonni da Sallah.

Malam Mai Arulli
1959 ita kaɗai gaɓa 15 ce. Baƙo ne, ban ce komai ba.

Ɗan Kurmi
Ɗan Ƙonni mun ji, jam'iyyun ukun ma biyu na neman shigewa cikin ɗaya. Malam, ga naka, na sauya kalmar. Yayana Mai Tsintsiya, wannan kai na nufa.

Naman bana mun gani a faranti na maƙwabta,
Katin zaɓe na nan a ƙarƙashin katifa ba mu manta,
Ranar da za a buɗe rajista mu sabunta,
Ka zo da tsintsiyarka, rumfarmu za mu tsare ta,
Mu ga wa za ta share, wa za ta bar wa hanya.

Mai Tsintsiya
Na karɓa. Amsa sai na dawo daga kallon hawa.

Malam Mai Arulli
Ɗango na biyar ya zauna. Sauran huɗun a sake.