2013, Shekarar Kofi Uku: Musayar Waƙa

Ɗan Ƙofar Mata

Salamu alaikum, masana tamaula,
Na zo da tambaya a kan shekara.

Wace ce ta fi cika mudu,
In an auna da kofi, ba da yawan ƙara?

Ni dai 2013 na ɗauka,
Kofi uku ta ajiye, ba asara.

Fabrairu kofin Afirka na manyan Najeriya a Johannesburg,
Bayan shekara 19 ana jira.

Nuwamba kofin duniya na yara 'yan ƙasa da 17 a Abu Dhabi,
Sun sa Mexico ta koma gyara.

Na ukun namu ne, Sai Masu Gida,
Kano Pillars ta riƙe kambun lig, ta kuma ƙara.

Wanda ya san yadda aka yi ya faɗa,
Da minti da suna, kowa ya saurara.

Malam Mai Allo

Wa alaikas salamu, ɗana, zauna,
Kofin da ka fara yi wa murna,
Farkonsa ciwo ne da ƙuna,
Ba da kiɗa aka fara shi ba.

A 2012 gida muke zaune,
Gasar Gabon ta wuce mu, haka ne,
Abin da koci Keshi ya karɓa kango ne,
Bai tarar da harsashi mai ƙwari ba.

Ya bar Odemwingie da Martins a baya,
Ya ɗebi shida daga lig na Najeriya,
'Yan jarida suka ce ya ɓata hanya,
Ba su ga abin da ya hango ba.

Ran 21 ga Janairu aka shiga fili,
A Nelspruit, ciyawa ta mutu, rairayi tuli,
Mai fasin ƙasa ya shiga hali,
Ƙwallo ba ta gudu yadda aka so ba.

Minti 23 Emenike ya zura,
Ambrose ya sha yalo, ya kuma ƙara,
Ya fita da ja, mutum goma ne saura,
Ba mu iya riƙe ƙwallo a ƙafa ba.

Minti na 4 cikin ƙarin lokaci,
Traoré na Burkina ya same mu a barci,
Ya farke, aka tashi da ɗaci,
Maki uku ba su zo hannu ba.

Bayan kwana 4 sai Zambiya mai kofi,
Mikel ya buga fenareti ba ƙarfi,
Emenike ya ci, wasa ya yi zurfi,
Mu dai ba mu koyi rufe ƙofa ba.

Minti 85 alƙali ya busa,
Gola Mweene ya taho da kansa,
Ya doka wa Enyeama, ta shige ragarsa,
Wasa biyu, ba mu ci ko ɗaya ba.

Cutar guda ce, tsakiya ba ta tare,
In an ci ɗaya sai a koma a tsare,
'Yan gaba can nesa, an bar su a ware,
Ƙwallon da aka fitar ba ta jima ba.

Gwaggo Ta Sabon Gari

Malam, ka faɗi cuta ka yi shiru,
Bari in faɗi yadda al'amura suka gyaru.

Yobo kyaftin ne, amma ya koma benci,
Keshi bai duba girma ba, ya duba inganci.

Omeruo mai shekara 19 ya shiga baya,
Shi da Oboabona na Sunshine suka tare hanya.

Ranar Habasha a Rustenburg aka sa Mba,
Ɗan lig ɗin gida, Turai ba ta san shi ba.

Har minti 79 babu ci, kowa ya yi tsit,
Wallahi ranar ko mai shayi bai ce uffan ba, ɗif.

Moses ya kutsa, aka kwashe shi a da'ira,
Ya ci fenareti, minti 90 ya kuma ƙara.

A ta biyun golansu ya sha ja, canji ya ƙare,
Ɗan tsakiya ya sa safar hannu, ina zai tare?

Ogude ya tara yalo biyu, doka ta hana shi,
Onazi ya shiga, Mikel ya samu numfashi.

Onazi ya ƙwato, Mikel ya raba, Mba ya kutsa,
Moses da Ideye a gefe, Emenike na matsa.

Giwayen Abidjan suka zo ran 3 ga Fabrairu,
Drogba, Yaya, Gervinho, duk an taru.

Dabarar, kar Yaya Touré ya juya da ƙwallo,
A matse shi tun tana hanya, ya zama ɗan kallo.

Minti 43 bugun tazara, Mikel ya taɓa ta,
Emenike ya narka, Barry ya kasa tare ta.

Tioté ya farke da ka a minti 50,
Da tsohuwar cuta ce, da an watse a lokacin.

Minti 78 Mba ya ɗauko ta daga tsakiya,
Ya buga, ta goge Bamba, ta sauya hanya.

Ta haye kan Barry ta sauka a raga,
Minti 12 da suka rage, an rufe ƙofa da taga.

Ɗan Damagaram

Gwaggo, a gafarce ni in sa baki,
Gasar nan har da mu 'yan Nijar, 'yan Mena.

Rukunin B a Port Elizabeth,
Da Mali da Kongo da Ghana.

Koci Gernot Rohr ya tara mu a baya,
Doguwar ƙwallo, Maazou ake auna.

Mali mun riƙe ta har minti 84,
Kuros ya suɓuce wa Kassaly, Keita ya yi ɓarna.

Ranar Kongo golan nan ya rama,
Mbokani ya buga, ya buga, ya hana.

Babu ci aka tashi, maki ɗaya,
Na farko a tarihinmu, mun adana.

Ghana ta ba mu 3 muka dawo,
Gyan, Atsu, Boye, ga su da suna.

Wasa uku ba mu ga ragar kowa ba,
Tsaro ba hari, nan yake kwana.

Rohr ɗin da kuka ɗauka a 2016,
Daga Yamai ya bi ta Burkina.

Malam Mai Allo

Sannu ɗan'uwa, Malin da ta cuce ku,
A Durban ran 6 mun rama muku,
Kafin hutu mun zura mata uku,
Keita bai samu wurin juyawa ba.

Moses ya murɗa ɗan baya a dama,
Echiejile ya sunkuya da ka ya gama,
Ideye ya ƙara, Emenike ma,
Tasa ta goge ɗan Mali, gola bai taɓa ba.

Ahmed Musa tsohon ɗan Pillars ne,
Ya taso daga benci, gudu nasa ne,
Minti 60 ya ci na huɗu, aikin gama ne,
Ɗayar da Mali ta farke ba ta dame mu ba.

Emenike ya ji rauni, abin damuwa,
Mai ƙwallo 4 ya kasa dawowa,
Pitroipa na Burkina kuwa CAF ta yi masa afuwa,
Jan katinsa na ranar Ghana bai tsaya ba.

Ran 10 ga wata, mu da Burkina kuma,
Minti 40 an tare ta Moses, ta tashi sama,
Mba ya ɗaga ta bisa kan Koffi da dama,
Ya doka da hagu, ba ta taɓa ƙasa ba.

Bayan hutu Sanou ya auna kusurwa,
Yatsun Enyeama suka yi turewa,
Yobo ya shigo daf da rufewa,
Kyaftin bai rasa ɗaga kofinsa ba.

A 1994 Keshi ya ɗaga yana shugabanci,
A 2013 ya ɗauka yana koci,
El-Gohary na Masar ya riga shi wannan mutunci,
Ban da su biyun ba a yi wani ba.

Ɗan Adawa

Baba, ba shakka waƙa ta yi zaƙi,
Amma washegari Keshi ya ce ya ajiye aiki.

Sai da minista ya sa baki ya dawo,
Tsakaninsa da hukumar ƙwallo akwai tsohon ciwo.

Ga Yuni, gasar nahiyoyi, Brazil na jira,
'Yan wasa na Namibiya, sun ƙi jirgi sai an gyara.

Alawus ɗin nasara a da dala 10,000,
Aka mai da shi 5,000, shi ne aka yi ta fama.

Sun isa a makare, Tahiti ta sha 6 da 1,
Oduamadi ya ci uku, sai aka ɗauka an iya.

Mikel ya farke ta Lugano da gwaninta,
Forlán a wasansa na 100 ya sake ƙwace ta.

Sifen ta ba mu 3 a Fortaleza, ba mu rama ba,
Dama ta samu, Emenike da Moses ba su zo ba.

To, shekarar da ka ce ba asara, ɗan Ƙofar Mata,
Wannan watan a wane shafi ka rubuta?

Gwaggo Ta Sabon Gari

Ɗana, ka karanta Yuni ka rufe littafi,
Buɗe Oktoba ka ga inda aka nuna ƙarfi.

Addis Ababa tudu ce, numfashi na wuya,
Habasha ta fara ci, Emenike ya zura biyu ya juya.

A Calabar ran 16 ga Nuwamba aka kammala,
Moses da Obinna, tikitin kofin duniya ba matsala.

Kocin Unguwa

Ku matsa, manya, ku ba yara fili,
Nasu ya fi cika ido a shekarar,
Don an ga aikin horo a ƙafarsu.

Kafin a sa sunan yaro a takarda,
Sai na'urar MRI ta duba wuyan hannu,
Waɗanda ƙashinsu ya haɗe a sallame su.

Afrilu a Maroko sun kai wasan ƙarshe,
Ivory Coast ta ɗauke a bugun fenareti,
Koci Manu Garba bai wargaza ba, ya riƙe su.

Amuneke da Ugbade na gefensa,
Ugbade ne kyaftin na 1985,
Ya san nauyin abin da ke gabansu.

Tsarin, in ƙwallo ta ɓace a gaba,
Mutum biyu ko uku su rufe mai ita nan take,
Ba a komawa gida a jira su.

Musa Muhammed, kyaftin ɗan Kano,
Lamba biyu yake, amma kullum yana sama,
Kuros da bugun tazara shi ke yi musu.

Mexico ta zo da kambu a wasan farko,
Ta sha 6 da 1, Iheanacho ya ci 4,
Duniya ta fara tambayar sunansu.

Illar hawan nan Sweden ta nuna,
Dogon fasi a bayan waɗanda suka hau,
3 da 3, da kyar aka kamo su.

Success ya ji rauni a wasan,
Awoniyi ya karɓi tsinin gaba,
Biyun da Uruguay ta sha shi ya ci su.

Iraƙi ta sha 5, Iran ta sha 4,
Da aka sake haɗuwa da Sweden an toshe ramin,
3 da nema, ba a bari sun numfasa ba su.

Ran 8 ga Nuwamba Mexico ta dawo,
Ɗan bayanta ya ci gida a minti 9,
Harin bazata ne ya rikita su.

Iheanacho ya ƙara bayan hutu,
Kyaftin ya ajiye ta a minti 81,
Ya lanƙwasa ta bisa kan katangarsu.

Wasa 7, ƙwallo 26, an ci su 5,
Gwarzon gasa Iheanacho, gola Alampasu,
Kofi na huɗu, a lokacin ba wanda ya kamo su.

Ɗan Adawa

Koci, na sallama, yara ba su da laifi,
Saura na ukun, ɗan Ƙofar Mata, zo ka kare kofi.

A gasar zakarun Afirka kun ci Léopards ta Kongo 4 da 1 a Kano, kuna ta kirari,
A Dolisie ta ba ku 3 da nema, kun dawo da wuri.

Jimilla 4 da 4, amma ɗayar da suka ci a gidanku,
Ita dokar ƙwallon waje ta ƙirga, ta kore ku.

Ɗan Ƙofar Mata

Yaya, ba na musun Dolisie,
Ƙwallo ɗaya a can da ta gyara.

Léopards ce mai kofin Confederation na 2012,
Kare ci 3 a gidanta sai an shirya tun fara.

Amma zo mu buɗe teburin lig,
Ƙungiya 20, wasa 38 a jere ba tazara.

A shekarar LMC, kamfanin shirya lig, ta karɓi ragama,
Sabon tsari, kowa na lura.

Lig ɗinmu ba na Turai ba ne,
Nasara a waje sai an sha wuya, an daure ƙara.

Bas daga Kano zuwa Aba ko Yenagoa,
Ƙafa ta kumbura kafin a fara.

Lissafin shi ne, uku-uku a gida dole,
Ɗai-ɗai a waje, a yi ta tara.

Wanda ya zubar da biyu a filinsa,
Sai ya nemo su a Kudu, can ne ake makara.

Baba Ganaru na bakin layi,
Afelokhai a raga yana tsare da'ira.

Rabi'u Ali Pele ke raba ta a tsakiya,
Gambo Muhammad a gaba yana jira.

Maki 63 muka tashi da shi,
Enyimba 62, Bayelsa 61 a jera.

Canjaras ɗaya a madadin nasara ɗaya,
Da kambun ya tafi Aba, mu mu yi ta ƙara.

Enyimba ta huce da kofin ƙalubale,
Warri Wolves ta sha fenareti, ta haƙura.

Na 2012 da na 2013 suna Ƙofar Mata,
2014 koci Emordi ya zo, ya kawo na uku ya jera.