Gam ɗaya, alminiyam ɗaya, amma sakamakon gwajin ya ƙi zuwa ɗaya

Ɗalibin Kanikanci:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina gwajin ƙarfin gam na ifoksi (wanda ake haɗa ruwa biyu, gam ɗin da mai daskarar da shi) a kan alminiyam, bisa ƙa'idar gwaji ta ASTM D1002, inda ake manna fallaye biyu a ja su har su rabu. Faɗin kowane falle milimita 25.4, kaurinsa 1.6, na ɗora bakin ɗaya a kan ɗaya tsawon milimita 12.7, inji kuma yana ja a hankali, milimita 1.3 a minti. Wani samfurin sai da ya kai niyuton 6,000 (ma'aunin ƙarfin ja) kafin ya rabu, wajen megafaskal 18.6 ke nan in an raba ƙarfin da girman wurin mannin. Wani ko 3,000 bai kai ba. Gam ɗin daga kwali ɗaya ya fito. Wane adadi zan ɗauka? Ko in haɗa su in fitar da matsakaici?

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye lissafin tukuna, ka ɗauko waɗanda suka rabu ka dube su a haske. Ni ba na karɓar adadi daga hannun kowa sai na ga fuskar da ta rabu. Idan gam ya rage a fallayen biyu, ya yi gautsi-gautsi, to a cikin jikinsa ya tsage, kuma ƙarfinsa na gaskiya ka auna. Idan kuwa falle ɗaya ya fito fes yana ƙyalli, gam ɗin duk ya bi ɗayan, to ba gam ka gwada ba, shirin da ka yi wa ƙarfen ka gwada. Ina kyautata zaton masu 3,000 ɗin nan haka za ka same su.

Alminiyam yana da wuyar sha'ani. Maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya ɓata aiki. Ka goge da asiton, ka bi da samfefa, ka sake gogewa da sabon ƙyalle, sannan ka zuba ruwa mai tsabta. In ya shimfiɗu bai tsinke ba, fuskar ta yi. In ya dunƙule ɗigo-ɗigo, akwai sauran maiƙo. Ka bar shi ya bushe sarai, ka manna ba tare da jinkiri ba.

Sai kauri. Ka riƙe shi tsakanin milimita 0.1 da 0.2 a dukkan samfuran; siririyar waya biyu a cikin gam ɗin za su tsayar maka da shi. Kuma ka sani wannan haɗin ba a miƙe yake jan nauyi ba. Fallayen suna ɗan lanƙwasa, nauyi ya taru a bakuna biyu, tsakiya na hutawa. Wani masani, Volkersen, ya yi bayanin taruwar tun 1938, wasu masanan, Goland da Reissner, suka ƙara da lissafin lanƙwasar a 1944. Shi ya sa in ka ninka tsawon ɗorin, ƙarfin ba ya ninkuwa.

Mai Sinadarai:
Injiniya ya gama magana a kan ƙarfe, bari in taɓa gam ɗin kansa. Da ido kake haɗa ruwan biyu ko da sikeli? Ifoksi ba bushewa yake yi ba, sinadaran ne ke sarƙewa da juna, don haka ƙara mai daskararwar ba ya ƙara ƙarfi, sai ma ya bar gam ɗin da laushi. Idan ɗakin gwajinku yana da na'urar FTIR, mai gane sinadarai ta hanyar haske, ka duba alamar ifoksin da bai haɗu ba, wadda ke fitowa wajen lamba 915 a zanen sakamakonta: muddin tana nan da tsayinta, haɗuwar ba ta kammala ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake tsayawa a gwajin busasshen samfuri. Ruwa yana ratsawa tsakanin gam da alminiyam a hankali. Jirgin kamfanin Aloha ƙirar Boeing 737 da rufinsa ya yaye a sama a 1988, binciken ya gano mannin haɗin fallayensa ya saki, tsatsa ta shiga, nauyi ya koma kan ƙusoshin har tsaga ta bi su. Ka yi gwajin cusa ƙarfe: ka manna fallaye biyu, ka cusa ƙarfe mai siririn baki a tsakaninsu, ka yi alama inda tsagar ta tsaya, ka sa su cikin zafi da laima sosai, wajen digiri 50 na ma'aunin Celsius. Mannin da ba a shirya fuskarsa da kyau ba, cikin awa guda za ka ga tsagar ta yi gaba.

Ɗalibin Kanikanci:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Injiniya, na duba, masu raunin duk fuska ɗaya ce ke ƙyalli. To in zubar da sakamakonsu?

Tsohon Injiniya:
A'a, kada ka zubar. Ka rubuta su daban, kowanne da yadda ya rabu da hotonsa, kada dai ka cuɗa su da sauran a matsakaici ɗaya. Sabbin da za ka manna, ka raba su biyu: rabi ka ja a bushe, rabi ka ba su laimar da aka faɗa maka tukuna. Ka kawo mana hotunan mu gani.