Franchise da Hausa: na tsaya a kan "hayar suna"

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Kwana uku ke nan kalmar nan ta "franchise" tana hana ni ƙarasa wani darasi da nake shirya wa matasa masu koyon kasuwanci. Na gode wa duk waɗanda suka turo shawara kan yadda za mu kira ta da Hausa. Ga inda na tsaya, da dalilina.

Bari mu fara ganin abin da idonmu kafin mu raɗa masa suna. A shekarar 1948, wasu 'yan uwa biyu, Richard da Maurice McDonald, suka sake fasalin gidan abincinsu mai suna McDonald's a garin San Bernardino na jihar Kalifoniya a Amurka. Suka rage yawan abincin da suke sayarwa, suka ba kowane ma'aikaci aiki guda, ya zama mutum na biya ana miƙo masa. A 1954 wani mai tallan injin kaɗa madara, Ray Kroc, ya zo ganin wurin da ya sayi injinansa har takwas. Ya ga tsarin, ya nemi izinin yaɗa shi, ya buɗe nasa shagon da sunan McDonald's a garin Des Plaines na jihar Illinois cikin 1955. A lokacin, duk wanda ya karɓi sunan daga hannunsa yana biyan kashi 1.9 cikin ɗari na cinikinsa, kashi 0.5 daga ciki na masu sunan ne. A 1961 Kroc ya saye kamfanin gaba ɗaya a kan dala miliyan 2.7.

To mutumin da ya karɓi sunan daga hannun Kroc, ya zuba jarinsa, ya ɗauki ma'aikata, yake kwana da fargabar asara, amma sunan da ke saman ƙofarsa ba nasa ba ne, me yake yi?

Wani ya ce reshe. Reshe na mai bishiya ne: idan reshen banki ya yi asara, bankin ne ya yi ta. A nan kuwa idan shago ya durƙushe, jarin mai shagon ne ya tafi. Dillanci ma bai hau ba, dillali ba ya mallakar kaya, la'ada yake ci. Wakilci ya fi kusa, sai dai wakili aikin wani yake yi da yawun wani.

Wanda ya fi damuna shi ne "ikon mallaka" da nake yawan gani a fassarorin intanet. Wannan ya juya ma'anar ne baki ɗaya, domin abin da mutumin ba shi da shi ke nan, wato mallakar sunan.

Wani dattijo daga Damagaram ya kawo "aron suna", kuma ya yi mini daɗi a kunne. Amma Baba, aro ba a biyansa. Nan kuwa ana biyan kuɗin shiga, ana biyan kaso kowane wata, akwai wa'adi, kuma idan ka saɓa sharaɗi a karɓe. Wannan haya ce sak, irin ta gona ko ta shago. Shi ya sa na ce hayar suna. Mai karɓa shi ne mai hayar suna, mai bayarwa kuma mai suna, kamar yadda muke cewa mai gida da ɗan haya.

Na san za a ce ai ba suna kaɗai ake karɓa ba, har da yadda ake soya dankali da kayan ma'aikata da launin bango. Gaskiya ne. A takardar yarjejeniya sai a rubuta "hayar suna da tsari". A bakin kasuwa kuwa gajeren ya isa.

Yanzu ga inda maganar ta kai ni, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Da na sa kalmar a darasin, sai wani yaro ya tambaya: Malam, mai hayar suna shi ne wanda Turawa ke kira "entrepreneur"? Mun saba fassara wannan da ɗan kasuwa, amma ɗan kasuwa ya haɗa kowa, har mai sarin kaya a Kantin Kwari ya kai ƙauye. Abin da ake nufi ya fi haka ƙunci: mutumin da ya hango buƙatar da ba a biya ba, ya sa dukiyarsa cikin kasada don ya biya ta.

Da farko na so in ce a'a. Wanda aka miƙa wa littafin ƙa'ida aka ce kada ya ƙara kada ya rage, gonar da wani ya share ya tarar. Sai na tuna da Lou Groen. Mai hayar sunan McDonald's ne a birnin Cincinnati na Amurka, a unguwar da mabiya ɗarikar Katolika suka yi yawa, kuma a lokacin ba sa cin nama ranar Juma'a. Duk Juma'a ciniki sai ya mutu. Bai zauna jiran hedikwata ba, ya haɗa burodi da soyayyen kifi, ya kai wa Kroc a 1962. Kroc yana da nasa tunanin, na sa yankan abarba a madadin nama. Aka gwada su biyun rana ɗaya, kifi ya yi nasara, kuma shi ne Filet-O-Fish da ake sayarwa har yau. Big Mac, wato burodin nan mai nama hawa biyu, ma haka, Jim Delligatti ne ya fito da shi a yankin Pittsburgh cikin 1967, kuma shi ma haya yake yi.

Waɗannan biyun sun san mutanen unguwarsu fiye da mai sunan, kuma kuɗinsu ne ke cikin kasada. Ba zan iya hana su wannan matsayi ba don kawai allon ƙofarsu na wani ne. Haka kuma ba zan ba kowane mai hayar suna ba, domin da yawa masu riƙon amana ne nagari, suna bin littafi layi-layi, kuma wannan ma sana'a ce mai daraja.

Saboda haka na raba kalmomin a darasin. Hayar suna tana faɗin irin yarjejeniyar. Ga mutumin kuwa na rubuta "mai buɗe hanyar kasuwa", duk da tsawonta yana damuna. Na guji "mai ƙago sana'a" saboda ƙage, na guji "mai tsiro da" saboda Bahaushe ba ya jin alheri a tsirfa. Wanda ke da gajeriya, musamman 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ya kawo kafin Asabar, ranar nake miƙa darasin.