Tambaya kan ɗora tanki a na'urar zuƙa mara allon lantarki, da batirin da ya dace da ita

Sabon-hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na kai shekara biyu ina amfani da sigarin lantarki irin mai allo da maɓallan ƙara wuta da ragewa, tun lokacin da na bar taba, kuma bai taɓa ba ni matsala ba. Makon jiya wani abokina ya ba ni kyautar wata na'ura ta daban, wadda masu harkar suke kira mek mod. Bututun jan ƙarfe ne kawai da maɓalli a gindinsa, babu allo, babu wurin saka caja. Da na leƙa ta murfin sama sai na ga rami ne mai zare, kuma ta cikin ramin ina hango kan batir kai tsaye, babu wani ƙarfe a tsakani.

Tankin da nake da shi, inda ake zuba ruwan zuƙa, mai koyil ɗin kamfani ne, wato naɗaɗɗiyar wayar da take yin zafi ta mayar da ruwan tururi, an rubuta om 0.15 (ma'aunin turjiyar wuta) a jikin koyil ɗin, da wat 60 zuwa 80. Batirina kuma Samsung 30Q ne, irin girman da ake kira 18650, shi nake sakawa a tsohuwar na'urata. Na gwada murza tankin a kan bututun ba tare da batir ba, ya zauna daram kamar don shi aka yi. Sai dai zuciyata ba ta kwanta ba, shi ya sa ban saka batir ba har yanzu. Ina roƙon waɗanda suka san abin su faɗa mini ko tankin nan ya dace da wannan na'ura, da kuma ko batirin zai iya ɗaukar aikin.

Tsohon-hannu ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka yi daidai ƙwarai da ka tsaya, kuma ina roƙonka kada ka saka batirin nan sai ka karanta abin da zan faɗa har ƙarshe. Yadda ka siffanta murfin, na'urarka irin wadda ake kira haibirid ce, wato fil ɗin tsakiya na gindin tanki shi ne zai taɓa kan batir da kansa. A mahaɗar da ake kira 510, wato inda tanki yake murzuwa a kan na'ura, fil ɗin tsakiya shi ne fozitib, zaren da ya kewaye shi kuma shi ne negetib, kuma ɗan zoben roba ne kaɗai ya raba su. Idan fil ɗin bai fito waje sosai ya zarce zaren ba, to kan batir zai taɓa su biyun a lokaci guda, kuma da ka danna maɓalli wuta za ta haɗe ba tare da ta bi ta koyil ba. Tsohuwar na'urarka tana da allon lantarki a cikinta da zai gane hakan, ya ƙi ba da wuta, ya rubuto maka gargaɗi. Wannan bututun ba shi da abin da zai gane komai. Batirin zai zubar da duk ƙarfinsa cikin daƙiƙoƙi, ya yi zafi, ya fara fesar da iskar gas, alhali yana kulle cikin ƙarfe a kusa da bakinka.

Mafi yawan tankunan da suke aiki da koyil ɗin kamfani an ƙera su ne don na'urori masu allo, saboda haka fil ɗinsu gajere ne, wani ma yana lotsawa ciki idan an matse shi, domin koyil ɗin ne yake tokare shi daga sama. Irin wannan ya fi haɗari, don ido zai ga kamar ya fito, amma da zarar batir ya danne shi sai ya koma. Zaman da tankin ya yi daram ba hujja ba ce, tunda zaren 510 iri ɗaya ne kusan a ko'ina. Abin da zai murzu daban, abin da ya dace daban. Ka kifa tankin, ka ɗora gefen kati ko ruwan wuƙa a kan fil ɗin, ka ɗaga wajen haske. Idan ba ka ga tazara bayyananniya tsakanin katin da bakin zaren ba, ko kuma fil ɗin ya motsa da ka danna shi da farce, to maganar ta ƙare. Ni a ra'ayina, ko da ya fito, ba zan ɗora tanki mai koyil ɗin kamfani a kan haibirid ba, domin duk lokacin da ka canza koyil ka canza abin da yake riƙe da fil ɗin.

Mai-awon-wuta ya amsa:

Malam Tsohon-hannu ya gama magana a kan fil, bari in ɗauki ɓangaren batir, domin ko da mahaɗar ta yi daidai, lissafinka ba zai fita ba. A irin wannan na'ura, koyil ne kaɗai yake yanke yawan wutar da za a ja daga batir, kuma ƙa'idar Ohm ce take aiki: ka raba bolt da om, abin da ya fito shi ne amfiya, wato yawan wutar da ake ja. Batirin da ya cika caji yana kan bolt 4.2. Idan ka raba 4.2 da 0.15 za ka samu amfiya 28. Samsung 30Q kuwa amfiya 15 ne iyakar abin da kamfanin ya ce zai iya bayarwa a jere ba tare da ya wuce kima wajen zafi ba, domin an yi shi ne ya daɗe, cajin da yake ɗauka mAh 3000 ne, ba don ya ba da wuta mai ƙarfi ba. Kana neman ɗora masa kusan ninki biyu na abin da aka ƙayyade masa ke nan. Ko Samsung 25R, wanda yake da amfiya 20, ba zai ishi wannan koyil ba, don shi ma bai kamata a sauka ƙasa da om 0.21 da shi ba, kuma mai hankali yakan bar rata, ya tsaya a 0.25 ko sama. Da 30Q, ƙasan da lissafi ya ba ka shi ne 0.28, ni kuwa ba zan yi ƙasa da 0.35 ba.

Akwai abu na biyu da mutane suke mantawa. Koyil ɗinka an rubuta masa wat 60 zuwa 80, amma om 0.15 a kan bolt 4.2 ya haura wat 117 a lissafi. Gaskiya ne bolt yakan ɗan sauka idan batir yana aiki, duk da haka ba ka da maɓallin da za ka rage wutar, audugar za ta iya ƙonewa, kuma zoben robar da ke gindin koyil zai sha zafin da ba a yi shi dominsa ba. Sannan lambar da aka buga a jikin koyil kimantawa ce, dole sai an auna da mitar awon om kafin a ɗora. Kada kuma ka yarda da batiran da aka sake yi wa riga aka rubuta amfiya 40 ko 50 a kan 18650; yawanci adadin bugun ɗan lokaci ne suke rubutawa, wani lokaci ma ƙarya ce tsagwaronta.

Sabon-hannu ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri. Na yi gwajin katin yanzu, kuma fil ɗin daidai yake da bakin zaren, ko gashi ba zai wuce ta tsakani ba. Da na danna shi da farce ma sai ya ɗan nutse. Jikina ya yi sanyi da na tuna saura ƙiris in saka batir a daren da aka ba ni. Da nake duba batirin kuma na ga ledarsa ta ɗan yage a kafaɗa, kusa da kai, kamar girman ƙwayar shinkafa, har ƙarfe yana ƙyalli. Shin wannan ma abin damuwa ne, tunda a tsohuwar na'urar yana aiki lafiya?

Yaya-babba ta amsa:

Abin damuwa ne sosai, ƙanena, kuma ka cire shi daga tsohuwar na'urar ma yau ɗin nan. Duk gwangwanin batirin negetib ne, tun daga gindi har kafaɗa, ɗan kan batirin da ke sama ne kaɗai fozitib, kuma ledar nan da zoben da ke ƙarƙashinta su ne suke raba su. A kafaɗa ne ɓangarorin biyu suka fi kusa da juna, shi ya sa yagewa a wurin ta fi muni. A cikin bututun ƙarfe, idan tsiraicin gwangwanin ya taɓa bango, na'urar za ta iya kunna kanta ba tare da an danna maɓalli ba, ko tana cikin aljihu. Ana sayar da sabuwar leda da zobe, ana zura su a ɗumama su kama, amma idan batirin ya lotsa ko ya taɓa yin zafin da hannu ba ya jurewa, a kai shi inda ake karɓar tsofaffin batira, kada a jefa shi cikin shara.

Ba tsoratarwa nake yi ba. Hukumar kula da gobara ta Amurka ta ƙirga gobara da fashewa 195 na sigarin lantarki tsakanin 2009 da 2016, kuma da yawa a cikin aljihu suka faru. A 2018 a jihar Florida, da 2019 a jihar Texas, an rasa rai sakamakon fashewar irin wannan na'ura mara allo. Don haka batir ba ya shiga aljihu tare da makulli ko tsabar kuɗi, sai cikin akwatinsa na roba. Idan wata rana ka koyi naɗa koyil da hannunka, ka mallaki mita, ka samu kan da ake ɗorawa a madadin tanki wanda fil ɗinsa ya fito sosai kuma ba ya motsi, to kafin ka fara ka duba ko bututun yana da ramukan fitar da gas, ko maɓallin yana kulluwa, kuma ka riƙa cire batirin ka yi caji da zarar tururin ya fara rauni, domin babu allon da zai tsayar da shi idan ya sauka ƙasa da kima. Kafin lokacin, ka mayar da tankinka kan na'urar mai allo da sabon batir, bututun kuma ka ajiye shi babu komai a cikinsa.